Sashen da ya haɗa maganin tarin fuka da na HIV: abin da na gani a wata 8

Wata 8 ke nan ina raka ƙanena wannan sashen, don haka ina da bakin magana. Da tari muka je, ya rame har riga na yawo a jikinsa. Aka saka kakinsa a na'urar GeneXpert, ranar sakamako ya fito: tarin fuka. Nas ɗin ta nemi izininsa ta gwada jininsa, sai ga HIV ma. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ke za ki tsaya masa." Sunana ta rubuta a katinsa, ni ce mai tabbatar da ya haɗiye magani.

Littafin rajistarsu ne ya sa na yarda da su. Tsarin DOTS na tarin fuka, wato shan magani a gaban mai sa ido, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa tun shekarun 1990, shi suka ɗora wa HIV: magani iri ɗaya, kowa da katinsa, wanda bai zo ba a bi sawunsa. Da irin wannan dabarar Malawi ta faɗaɗa rabon maganin HIV daga 2004. Ni kuwa a kanmu na ga amfaninsa. A wata na uku ƙanena ya ji ƙarfi, ya yi zamansa ranar karɓar magani. Kwana biyu tsakani wayata ta yi ƙara, nas ɗin ce, ba faɗa, tambaya kawai: lafiya?

Sun kuma san aikinsu. Maganin tarin fuka mai suna rifampicin yana rage ƙarfin dolutegravir, maganin HIV, sai suka ƙara masa ƙwaya ɗaya ta dolutegravir da dare, suka zauna suka bayyana mana dalili.

Inda raina ya ɓaci shi ne bencin jira. A fili yake, duk mai wucewa ya san abin da ya kawo ka. Na ga wata baiwar Allah ta hango wanda ta sani, ta juya ba ta karɓi komai ba. Tarin fuka wata 6 ne a gama, na HIV har ƙarshen rayuwa. Shekara nawa mutum zai yi yana rufe fuska a bencin nan? Labule ɗaya ya isa, na kuma faɗa musu.

Yanzu an sallame shi daga tarin fuka, na HIV ana ba shi na wata 3 a tare. Mako mai zuwa za mu je karɓar sakamakon yawan ƙwayar cutar a jininsa.