Ruwan Inabi Mai Kumfa Ko Giyar Da Aka Cire Wa Barasa: Wanne Ya Dace Da Ƙaramin Biki?

Masu shirya ƙaramin bikin aure, na dangi da aminai kawai, suna yawan tambayata wanne za su ba baƙi. A kwalba kamanninsu ɗaya, amma asali daban.

Ruwan inabi mai kumfa bai taɓa tsimuwa ba: an matse inabi, an sa masa gas, shi ke nan. Ɗayar kuwa cikakkiyar giyar inabi aka fara yi, sannan aka janye barasar ta hanyar tacewa ko dumamawa a ƙaramin zafi. Wannan ƙarin aikin yakan sa ta fi tsada. A nan kuma ake yin kuskure, domin ƙasashe da dama sun yarda a rubuta "babu barasa" ko da akwai saura har 0.5%. Wanda ba ya son ko ɗigo sai ya nemi mai 0.0%. Wasu ma ko hakan ba zai kwantar musu da hankali ba, tunda asalinta giya ce.

A ɗanɗano, ruwan inabi zaƙi gare shi sosai. Kofi biyu ya fara gundurar babba, yara kam sai murna. Wadda aka cire wa barasa tana da ɗan tsami da bauri, ta fi tafiya da abinci mai maiƙo.

Kwalba mai mililita 750 tana ba da kamar kofi 5. Dukansu da sanyi ake sha, kuma ba sa daɗewa bayan an buɗe.

Idan akwai yara, masu juna biyu ko masu kiyaye addini, ruwan inabi ya fi sauƙi. Taron manyan da suka saba da ɗanɗanon giya, kuma ba sa son zaƙi, ɗayar ce tasu.