Shagon Kawu mai shayi a Yelwa, Garwa: shayi mai kauri da majalisar labaran Japan

Masu shayi ba su yi kaɗan a Garwa ta arewacin Kamaru ba. Daga bakin babbar kasuwa har zuwa wajen filin ƙwallon Rumde Ajiya, duk lungun da ka leƙa za ka tarar da tebur da butoci da tulin burodi. Amma akwai shago guda a unguwar Yelwa da na ga ya cancanci a yi masa rubutu, domin abin da ake samu a wurin ya wuce cika ciki. Ba shi da allon suna. Duk unguwa "wurin Kawu" ake cewa, haka yara da manya ke kiran mai shagon. Ni bakanike ne, rayuwata kaf a ƙarƙashin Toyota ta ƙare, Hilux da Carina da Hiace, don haka duk abin da ya shafi ƙasar da ta ƙera abin da nake ci da shi ba na jin sa a banza.

Bari in fara da abinci, tunda shi ne asalin sana'ar. Shayin madara sefa 250 ne, kuma yana da kauri, da citta da kanumfari, ba ruwan zafi mai launi ba. Akwai jan shayi irin na 'yan Cadi a ƙaramin kofin gilashi, sefa 100. Ƙwai biyu da taliya da rabin burodi sefa 600. Ƙwan nan shi ne gwanintar Kawu: albasa da yawa, tumatir, attaruhu daidai misali, kuma ba ya maimaita mai har ya yi baƙi. Burodinsa na safe sabo ne, yana ƙaras-ƙaras, na dare kuwa wani lokaci saura ne, ya yi tauri. Wake da shinkafarsa ba laifi, amma ba don ita ake zuwa ba. Sukari kam hannunsa yana da nauyi, duk mai ciwon suga ya yi magana tun kafin a zuba.

Abin da ya bambanta wurin shi ne rediyo da lasifika da ke kan kanta. Kawu ya sa faranti mai amfani da hasken rana a rufin kwano, saboda haka ko an ɗauke wuta labarai ba sa tsayawa. Da safe BBC Hausa ne da DW da RFI. Da dare kuwa, bayan an idar da sallar isha, ɗansa da ke makarantar sakandare yakan haɗa wayarsa da lasifika ya sa labaran NHK, gidan rediyon Japan, da Faransanci. NHK ba ta da sashen Hausa, tana da na Suwahili da Larabci da Faransanci, don haka yaron ne tafinta ga dattawan da ba su yi boko ba. Yana yi a natse, in bai gane abu ba yakan mayar da shi baya a sake saurare. Japan tana gabanmu da awa 8, lokacin da muke shan shayin dare su asubarsu ta gabato.

Son Japan ɗin Kawu daga ƙwallo ya samo asali. Shi mutumin Patrick Mboma ne, ɗan wasan Kamaru, tun yana ƙungiyar Gamba Osaka, inda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Japan ta 1997 da ƙwallaye 25. Kuma ba ya gajiya da ba da labarin Nakatsue, ɗan ƙauyen nan na cikin duwatsu a lardin Oita da ya sauki tawagar Kamaru a gasar cin kofin duniya ta 2002. 'Yan wasanmu sun yi jinkirin kwanaki kafin su isa, amma mutanen ƙauyen suka jira, suka tarbe su cikin dare da murna. Kawu yakan ce mutanen da suka iya jiran baƙo haka, ya kamata a saurari labarinsu. Idan wani yana son tsokanarsa sai ya tuna masa ƙwallon da Keisuke Honda ya jefa mana a 2010 a Afirka ta Kudu, aka tashi 1 da nema.

Muhawarar da ta fi daɗewa a bencin nan ita ce ta shinkafa. A 2025 farashin shinkafa a Japan ya ninka na shekarar da ta gabata, buhun kilo 5 ya haura yen 4,000, wato sama da sefa 15,000. Kilo guda ya kai wajen sefa 3,000 ke nan. Ranar da ɗan Kawu ya yi wannan lissafi, wani Alhaji mai sayar da hatsi ya sa aka sake bugawa a waya, bai yarda ba. Dalilan da aka kawo kuwa duk mun san irinsu: zafin bazarar 2023 ya lalata amfanin gona, a watan Agustan 2024 hukuma ta yi gargaɗin yiwuwar babbar girgizar ƙasa sai jama'a suka ruga suna saye suna ɓoyewa, ga 'yan yawon buɗe ido sama da miliyan 36 da suka shiga ƙasar a shekarar 2024. A ƙarƙashin wannan duka akwai tsohuwar manufar gwamnati, wadda ta yi shekara da shekaru tana ƙarfafa wa manoma gwiwa su rage noman shinkafa don kada farashi ya faɗi.

Sai ga ministan noma, Taku Eto, ya faɗa a wani taro cewa shi bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya ke kawo masa kyauta. Cikin 'yan kwanaki, ranar 21 ga Mayun 2025, ya ajiye muƙaminsa. Wanda ya gaje shi, Shinjiro Koizumi, ya fito da shinkafar rumbun gwamnati aka riƙa sayar da kilo 5 a wajen yen 2,000. Rumbun nan an kafa shi ne a 1995, bayan mummunar daminar 1993.

Nan bencin ya rabu biyu. Matasa murabus ɗin ministan ne ya burge su: magana ɗaya ta raba mutum da kujera. Alhaji mai hatsi ya ce su bar batun minista, su dubi rumbun. Ni ina bayan Alhaji. Minista ya tafi wani ya zo, amma ƙasar da ta sha yunwar shinkafa sau ɗaya ta tanadi kusan tan miliyan guda don gaba, ita ce ta yi abin koyi. Mu ga Yagwa da Maga, ga filayen SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, ga ruwan Lagdo a bayan gida, ga Binuwai, amma yawancin buhunan da ke kasuwarmu daga Asiya suka taso, suka sauka Duwala, suka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan babbar mota ta kawo mana. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kuma ban taɓa samun wurin da aka tattauna shi da hankali kamar bencin Kawu ba. Wani manomi daga wajen Pitowa ya ƙara da cewa ko a Japan ɗin ma yawancin manoman shinkafa tsofaffi ne, 'ya'yansu sun tafi birni. Ya ce wannan kam cutarmu ɗaya da su.

Kawu yana da doka guda, kuma ita ce ta sa nake ganin girman wurin. Duk wanda ya kawo labari sai ya tambaye shi, "A ina ka ji?" In ka ce a WhatsApp ne, zai ce ka ajiye shi tukuna, ka sha shayinka. Amfanin wannan doka ya fito fili a watan Agustan 2025, lokacin taron TICAD karo na 9 a Yokohama, taron da Japan ke yi da shugabannin Afirka tun 1993. Hukumar JICA, mai kula da tallafin Japan ga ƙasashen waje, ta sanar da haɗa garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don zumunci da musayar al'adu: Kisarazu da Najeriya, Nagai da Tanzaniya, Sanjo da Gana, Imabari da Mozambik. Kisarazu ta taɓa saukar 'yan wasan Najeriya lokacin gasar Olamfik ta Tokiyo, daga nan alaƙar ta taso. Sai sanarwa ta fito daga gwamnatin Najeriya cewa za a ba da biza ta musamman ga masu son zuwa aiki. Kan ka ce kwabo, saƙon murya ya cika wayoyin Garwa cewa Japan ta ba 'yan Najeriya gari sukutum.

Mu nan da Yola da Mubi kamar ɗaki da falo ne, kusan kowa yana da dangi a can. Akwai yaron garejina da ya fara tara kuɗi zai ba wani dillali da ya yi masa alkawarin fasfo da biza. Ya zo da zancen gaban Kawu yana zumuɗi. Kawu ya ce, "Ɗana, zauna. Masu garin ma ai suna da baki, bari mu ji ta bakinsu." A daren aka saurara: ma'aikatar harkokin wajen Japan ta musanta batun biza, magajin garin Kisarazu ma ya musanta, ofisoshin garuruwan nan huɗu kuma sun cika da kiran waya na mutanen da ke fushi suna zaton za a kwararo musu baƙi. Gwamnatin Najeriya ta gyara sanarwarta. A ƙarshen Satumba JICA ta janye shirin baki ɗaya. Yaron bai ba dillali ko sisi ba, yanzu haka kuɗin yana cikin akwatin kayan aikin da ya saya.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ɗaci, kuma na yaba da yadda ba a rufe shi ba. Wani malamin makaranta ya tambayi Kawu kai tsaye: ina mutanen kirkin Nakatsue, ga shi jita-jitar zuwan baƙar fata kawai ta tayar da ƙasa? Kawu bai kare su ba. Ya ce gaskiya ne abin ya ɓata masa rai. Yaronsa ya ƙara bayani cewa a zaɓen majalisar dattawa na Yulin 2025 jam'iyyar Sanseito, mai taken fifita 'yan Japan, ta ci kujeru 14, alhali baƙi wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai na al'ummar ƙasar. Ra'ayina shi ne duka biyun gaskiya ne, da ƙauyen da ya jira baƙi har tsakar dare da masu kiran wayar nan, kuma wanda ke son wata ƙasa ya kamata ya iya faɗin aibinta. Ƙasar da aka haifi 'ya'yanta 686,061 kacal a 2024 alhali mutum kusan miliyan 1.6 suka mutu, mai gidaje wajen miliyan 9 da ba kowa a ciki, tana buƙatar hannun ma'aikata ko ta so ko ta ƙi. Dattawan benci wannan lissafin haihuwa ya fi komai ba su tausayi. Ɗaya ya ce dukiyar da ba magaji wahala ce kawai. Malamin makaranta ya amsa masa da ladabi: "Baba, mu kuma ga magada, ina aikin da za mu ba su?" Ba wanda ya kayar da wani a daren.

Zaɓen Sanae Takaichi a matsayin mace ta farko firaministar Japan, ranar 21 ga Oktoban 2025, bai ja dogon zance ba kamar yadda na zata. An fi tsayawa a kan kalamanta game da Taiwan a watan Nuwamba da fushin da Sin ta yi, domin mu 'yan gareji da 'yan kasuwa kayan ƙasashen biyu muke taɓawa kullum, injin na Japan, kayan gyara masu araha na Sin. Labarin beyar daji da suka kashe mutane a arewacin Japan har aka tura sojoji lardin Akita kuwa, yara suka fi so.

Wurin yana da nasa aibin. Rumfar kwano ce, a watan Maris da Afrilu zama cikinta kafin magariba azaba ne. Benci uku ne kawai, wanda ya makara a tsaye zai sha. Hayaƙin gawayi yana shigowa ciki in iska ta juya, kuma Kawu ba ya hana masu taba sigari, abin da nake ganin ya kamata ya gyara tunda yara na zuwa sayen burodi. Ruwan wanke kofuna ana canza shi, amma in cunkoso ya yi yawa yakan daɗe. Mata kuma sai dai su aiko a saya musu, ba sa zama, alhali maganar tsadar shinkafa su suka fi kowa saninta. Na taɓa ba shi shawarar ya ajiye benci guda daga gefe saboda masu tallan ƙosai da ke tsayawa suna saurare daga nesa, ya ce zai duba. Sannan in an shiga siyasar gida yakan katse zancen da wuri ya ƙara muryar rediyo. Wasu na jin haushin haka, ni na fahimce shi, shago ne da iyali ke ci a cikinsa.

Yana buɗewa bayan sallar asuba, ya rufe da hantsi, ya sake buɗewa bayan la'asar har wajen sha ɗaya na dare. Ranar Juma'a da safe ba ya fitowa. Mai son abinci kawai ya zo da safe, lokacin burodi na da zafi. Mai son majalisa ya zo bayan isha, ya riƙe canji domin ba a biya ta waya, ya nemi ƙwai da taliya da jan shayi, kuma in zai kawo labari ya tabbata ya san inda ya ji shi.