Rauta da Maikrowef: Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗi

Sai ka ga mutum yana tsoron kwana ɗaki ɗaya da rautar Wi-Fi, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, amma ya je kasuwa ya ɗauko maikrowef ɗan kwatano ko ƙofarsa bai duba ba. Ni a ganina maikrowef ɗin ne ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Kusan a zango ɗaya na igiyar rediyo suke aiki, wanda ake aunawa da gigahaz: Wi-Fi a gigahaz 2.4, maikrowef a 2.45. Irin wannan igiyar rediyo ba ta lalata ƙwayar halitta kamar hasken hoton ƙashi na asibiti. Idan ta yi ƙarfi, ɗumama nama take yi. Wurin ƙarfin ne suka sha bamban. A ƙa'idar Turai, rauta ba ta wuce wat 0.1 a wannan zangon. Maikrowef kuwa yakan fitar da wat 700 zuwa 1,000, sai dai a kulle cikin akwatin ƙarfe.

Saboda haka lafiyar maikrowef tana ga ƙofarsa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙayyade cewa abin da zai tsiyayo waje kada ya wuce miliwat 5 a kowane murabba'in santimita, idan an auna daga nisan santimita 5. Sabo daga kamfani yakan cika wannan sharaɗi cikin sauƙi. Ɗan kwatano shi ke buƙatar ido: ƙofar ta rufe ruf, makullinta bai karye ba, ragar ƙarfen da ke jikin gilashin ba ta yage ba, tsatsa ba ta huda bangon ciki ba. Ka sa mai kaya ya kunna da kofin ruwa a ciki, sannan ka buɗe ƙofar. Idan bai tsaya nan take ba, bar masa kayansa komai arha.

Ta ɓangaren intanet, zaɓin bai da wahala. Da rautar gida da MiFi, wato ƙaramar rauta ta tafi-da-gidanka, duk ƙarfinsu kaɗan ne, kuma yana raguwa da sauri da zarar ka ɗan matsa. Wayar da ke manne a kunnenka ta fi su isa jikinka. A 2011 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyar rediyo a rukunin 2B, wato "mai yiwuwa" ta jawo cutar, galibi bisa binciken masu yawan waya a kunne. Kan Wi-Fi, hukumar ta ce a 2006 ba a sami gamsasshiyar hujjar cutarwa ba.

Idan kana Najeriya, nemi rautar da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ita. Idan akwai maikrowef a gidan, ƙara kuɗi ka sayi rauta mai gigahaz 5, ba don lafiya ba, don kada intanet ya riƙa yankewa in ana ɗumama miya. Ƴan sitikar nan da ake tallatawa wai suna kare jiki daga igiya, asarar kuɗi ce kawai.