Kafin ka zaɓi manhajar kwafin fayiloli tsakanin sabobi

Tambaya biyu nake yi wa kowace manhaja. In mutum biyu sun gyara fayil ɗaya a saba biyu (saba ita ce kwamfutar da ke ajiye wa kowa fayiloli), ina aikin ɗayan yake tafiya? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, wa ke kwashe tarkacen?

Sai da na ji jiki na koyi wannan. Wani mai haɗa kwamfuta ya sa mana wata manhajar kwafi mai suna rsync tana kwafi gaba da baya. Ranar biyan albashi sabon fayil ya danne gyaran akawu, ba gargaɗi. Da na leƙa faifan, ga ɓoyayyun fayiloli irin .albashi.xlsx.k3Tz9Q jibge, kowane ɗaukewar wuta ya bar nasa. Ba laifin rsync ba ne. Tun 1996 aikinsa kwafi ta hanya ɗaya.

Shi ya sa zuciyata ke kan Syncthing, wanda Jakob Borg ya fara a 2013. In an yi karo ba ya zubar da komai: yana ɗaukar gyara ɗaya, ya ajiye wanda aka kayar kusa da ɗan'uwansa, sunansa ɗauke da sync-conflict, kwanan wata, lokaci da lambar na'urar da ta yi gyaran, har guda 10 ga kowane fayil. Gutsuren wucin gadi kuwa sunansa da .syncthing. yake farawa (a Windows da ~syncthing~), ya ƙare da .tmp, in wuta ta dawo sai ya ɗora daga inda ya tsaya, wanda ya wuce awa 24 ya share. Yana kuma sanar da kai in Rahoto.doc da rahoto.doc sun haɗu, domin Linux biyu yake ganinsu, Windows ɗaya.

DFSR, manhajar kwafin da ke cikin Windows, yana jefa wanda aka kayar cikin wata folda mai suna ConflictAndDeleted, mai iyakar girma, in ya cika tsofaffi su tafi. GlusterFS kuwa, wata manhajar haɗa ajiyar sabobi, sa ta a saba biyu kacal neman rigima ne.

Amma ka kula da 'yan damfara. Syncthing kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin lasisinsa cuta ce, kuma daga syncthing.net za ka sauke shi, ba daga filashin kowa ba. Wasu za su lulluɓe rsync da sabon suna su sayar maka da tsada. Wasu su rantse kwafi ya isa ajiya, alhali abin da aka goge a nan gogewa zai yi a can. Kafin ka biya ladan aiki, a gabanka a gyara fayil ɗaya a saba biyu, a zare wuta ana kwafi, sannan mai aikin ya nuna maka gyaran biyu da idonka.