Kayan haɗa layin dogo da hannu na EM, abinda na gani bayan na yi aiki da su

Kayan haɗa layin dogo na ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, na ma'aunin EM mai faɗin layi milimita 18.2, da na yi oda daga wani ɗan ƙaramin shago nan Ingila yanzu na yi aiki da su har na ga kamun ludayinsu, to bari in faɗi abinda na gani tsakani da Allah. Kayan suna da kyau, wasu ma kyansu ya wuce yadda na zata, amma ba duk abinda ke shagon ne zan ce ka zuba kuɗinka a kai ba, kuma in kasan kai mai gaggawa ne wallahi ka sayi layin kamfanin Peco da aka riga aka haɗa ka shimfiɗa abinka ka huta, babu wanda zai ce ka yi laifi.

Shagon ma ba irin wanda zaka shiga ka zagaya bane, wani dattijon Bature ne shi kaɗai yake harkar daga gidansa, yana sayarwa ta intanet, ranar baje koli na masu wannan sha'awar kuma ya kafa tebur ya baza kaya. Abinda na saya a wajensa shi ne saitin mararraba, wato inda layi ɗaya yake rabewa biyu, irin wadda ake kira B7, sai dogo tsura, wato ƙarfen da taya ke bi a kai, da 'yan kujerun roba masu riƙe dogon, da silifa na katako da ake jerawa a ƙarƙashin dogon, da geji kala uku na auna tazarar dogo da dogo.

Wanda bai san harkar ba zai ce me ya yi zafi mutum ya zauna yana haɗa layi da hannu bayan ana sayar da haɗaɗɗe. Dalilin shi ne jiragen da kamfanonin Hornby da Bachmann suke yi, waɗanda ake kira OO, kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske an mayar da ita milimita 4, kashi 1 cikin 76.2 kenan, to faɗin layin gaske milimita 1435 ne, in ka raba zaka samu 18.83, amma layin OO 16.5 ne kacal dan aro shi aka yi daga HO, ma'aunin da aka fi amfani da shi a Jamus da Amurka, mai kashi 1 cikin 87. Tun zamanin 1930 abin ya samo asali, lokacin motar lantarkin da ke juya tayoyin babba ce, su kuma jiragen Ingila jikinsu ƙanana ne motar bata shiga, sai aka ƙara girman jikin aka bar layin yadda yake. Bambancin milimita biyu da 'yan kai ne, a jirgin gaske inci 7 kenan, kuma duk ranar da ka durƙusa ka kalli kan jirgi ta gaba ka ga yadda jikin ya yi wa tayoyin yawa, shikenan idonka ya lalace, bazaka sake daina gani ba. Shi yasa wasu suka ɓalle suka koma EM mai faɗin 18.2, ƙungiyarsu EM Gauge Society tun 1955 take, wasu kuma suka ce su sai daidai wa daida, P4 mai 18.83, su ne 'yan Scalefour Society. Ni EM na zaɓa, dan ramin da leɓen taya yake bi a mararraba milimita 1 ne a EM, a P4 kuwa bai kai 0.7 ba, kuma a P4 ɗin kusan kowane tarago sai ka yi masa sifirin kafin ya zauna a layi lafiya. Gidan tarihin Pendon da ke yankin Oxford ma da EM suka yi nasu, kuma ban ga wanda ya je ya dawo yana ƙorafin layinsu ba.

To mu dawo kan kayan. Dogon ya zo cikin bututun kwali mai kauri, ko ɗaya bai lanƙwashe ba, wannan kam na yaba dan dogo mai siririn nan na code 75, wato lambar tsayin dogon, in ya karye kwana sau ɗaya har abada sai ka ga alamar wajen. Irin tsohon dogon Ingila ne da ake kira bullhead, wanda bashi da faffaɗan gindi, sama da ƙasa sun kusa zama ɗaya amma saman ya ɗan fi kauri, kuma nan ne mutane da yawa suke kifa shi ba su sani ba, ka duba bakinsa da gilashin ƙara girma ka shafa maka a saman kafin ka fara komai. Na ɗauki na nickel silver, wani gaurayen ƙarfe da ba ya tsatsa, launinsa ya ɗan ja zuwa rawaya kaɗan, na ƙarfe zalla ya fi kama da gaske amma ni a ɗakin bayan gida nake aiki kuma damshin ƙasar nan ba ya raga wa ƙarfe.

Kujerun su ne abinda ya fi burge ni a duk kunshin. Kowace ɗaya bata kai ƙwayar shinkafa biyu ba amma ga kawunan noti uku a jiki ana gani, ga ɗan katakon da ake dokawa ya matse dogon ta waje, kuma an zuba su da ɗan karkata yadda dogon zai jingina ciki kashi 1 cikin 20 kamar na gaske. Akwai masu noti biyu na layin tsohon kamfanin jirgin ƙasa na Great Western, akwai masu uku da yawancin sauran suka yi amfani da su, dattijon ya tambaye ni wane yanki da wane zamani nake kwaikwayo kafin ya turo, wanda shagon da ba ruwansa bazai tambaya ba. Aikin saka su dai aiki ne na haƙuri, zaka goge bakin dogon da magagari ya yi santsi sannan ka dinga zura su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zura 'ya'yan carbi a zare, kana lura kada ɗan katakon ya koma ciki, in baka goge bakin ba dogon zai yanke leɓen kujerar ta tashi daga aiki. A leda ɗaya na samu wasu da robar ta yi musu gemu a gefe sai da na bi da reza, ba su da yawa, amma suna nan.

Silifan katakon filawud ne siriri da aka yanka da leza, milimita 34 tsawo wanda ya yi daidai da ƙafa 8 da rabi, na mararraba kuma sun fi faɗi, milimita 4, suna zuwa a dogayen sanduna kai zaka yanka gwargwadon zane. Abinda yasa na fi son katako akan na roba shi ne yana shan rini, ka jiƙa su a ruwan rini mai duhu wasu ka bari su daɗe wasu ka cire da wuri, sai su fito kowanne da kalarsa yadda tsohon layi yake, fenti akan roba ba ya ba da wannan ko ka kwana kana shafawa. Liƙa kujerar roba akan katako kuma da butanon ake yi, wani ruwan sinadari mai narka roba, ka ɗiga da ɗan burushi ya narka gindin kujerar ya shige cikin katakon, ka danna da yatsa ka ƙirga zuwa goma. Yana kamawa sosai, kuma in wajen bai yi ba zaka iya zura reza ƙarƙashi ka ɗaga ka sake. Amma fa ka buɗe taga, warinsa yana hawa kai kuma yana kama wuta, shi yasa ma ba'a cika yarda a aika shi ta jirgin sama ba, wanda ke wata ƙasar sai ya nema a inda yake.

Geji kuwa in kuɗinka na abu ɗaya ne to su zaka fara saya. Akwai mai kamar ɗan gangan tagulla da ake ɗorawa akan dogayen biyu, akwai mai ƙafa uku wanda yake ɗan buɗa layin da kansa a kwana dan doguwar injin ta samu wucewa, sai ɗan siririn ƙarfe mai kaurin milimita 1 na auna ramin leɓen taya. Na auna su duka da ma'aunin dijital sun fito daidai. Abu ɗaya da ya kamata a faɗa wa mutum kuma takardar bayanin da ta zo da kayan bata faɗa ba, in gejin ya kama dogon da ƙarfi har ƙasa zai miƙar da shi tsaye, kana cirewa kujerar ta mayar da shi karkacensa sai faɗin layin ya ragu, tarago ya zo nan ya cije. Na dattijon kan dogon kawai suke kamawa, to babu wannan matsalar, amma in ka haɗa da gejin wani wajen ka duba.

Yanzu mararrabar kanta, wadda ita ce dalilin duk wannan wahalar. Saitin ya zo da hancin an riga an haɗa, wato wajen nan mai siffar V inda dogo biyu suke haɗuwa su yi tsini, kusurwa 1 cikin 7, da harsunan nan biyu masu motsi an riga an fere su. Wannan ya ƙara kuɗi ba kaɗan ba kuma da farko na so in yi tsaki, amma wanda ya taɓa zama da magagari yana fere dogo har ya koma siririn da zai kwanta jikin ɗan uwansa ba tare da taya ta hau kansa ba yasan abinda aka ɗauke masa. Na ɗora hancin akan zane ya zauna cif. Daga shi ake farawa, a kafa shi, sannan dogon gefe madaidaici a auna shi daga hancin da geji, sannan mai lanƙwasa, sannan 'yan gajerun dogayen kariya da suke jan taya kada ta bi hanyar da ba tata ba. Da na gama na ɗauko tarago ɗaya mara nauyi na ɗan karkata allon na sake shi, ya gangara ya ratsa hancin ko ƙyas ban ji ba, babu wannan faɗawar da taya take yi cikin rami a mararrabar kanti. Na maimaita ya fi a ƙirga, har uwargida ta leƙo ta ce wai Baban Amira lafiya kake tura abu ɗaya tun ɗazu.

Inda shagon ya gaza kuwa takardar bayani ce. Hoton kwafi ne na kwafi, rubutun ya dushe, zanen da ke nuna wace kujera ke zama a wane silifa sai ka yi ta hasashe, alhali kujerun mararraba kala kala ne, akwai masu santsi da harshe yake zamewa a kai, akwai 'yan ƙanana na inda wuri ya matse. Batun wuta ma layi biyu aka yi masa, bayan kuwa dole ka yanke hancin daga sauran layin ka ba shi wayarsa daban da makunnin da zai juya masa wuta duk lokacin da harshe ya motsa, in ba haka ba injin na zuwa nan zai tsaya ko wuta ta haɗe. Kuma wayar sai ka liƙa ta da dalma a ƙarƙashin dogon kafin ka zura kujeru, dan zafin ƙarfen dalma na kusantar su narkewa suke. Zanen da ya zo a saitin shi ma na miƙaƙƙiyar mararraba ne kawai, ni kuma a kwana nake so, sai na koma Templot, manhaja ce ta kyauta da ake zana layi a kwamfuta a buga a firinta daidai girmansa, da ita zaka sa mararraba ta bi kwanar da kake so layin ya dinga malala yadda na gaske yake.

Sai jinkiri. Kayan sun ɗau makonni kafin su iso, imel shiru, shafin nasa kuma ya nuna akwai abu alhali ya ƙare. Da na buga waya dai ya ɗauka da kansa, ya ba da haƙuri, ya ce injin zuba robar ba nasa bane layi yake bi, daga nan ya shiga yi min bayanin yadda ake barin ɗan tsaga tsakanin dogo da dogo saboda zafin bazara kada layi ya kumbura, har sai da ni na ce masa zan shiga aiki. Mutum ne da yasan abinsa, amma in kana da ranar da kake son gamawa ka yi oda tun da wuri sosai.

Abinda bazan sake saya ba shi ne kayan miƙaƙƙen layi. Dogo ɗaya na ƙafa 60 a gaske milimita 240 ne a nan, silifa 24, kujeru 48, ka lissafa na mita uku ko huɗu ka gani. Ana sayar da layin EM mai lanƙwasuwa wanda aka riga aka haɗa, in aka zuba tsakuwa aka yi fenti sai mai neman magana ne zai bambance, to ka sayi wannan ka ajiye ƙarfinka na mararraba da gaban tasha inda ido yake sauka.

Kuma kada wani ya lissafa kuɗin layi kaɗai ya ce ya gama. Duk injin da tarago da ka saya na OO sai an buɗa tayoyinsa, tazarar bayan taya zuwa bayan taya ta koma 16.5, na tarago sauƙi ne ka cire ka saka na kamfanin Alan Gibson ko makamancinsu, injin dizal ma da dama dama, amma injin tururi mai sandunan nan a gefe wani aiki ne daban da zai iya cin kuɗin da ya fi na layin. Wani ɗan uwa ya tambaye ni ko da kayan nan zai iya yin tashar Zariya ko ta Kano ta da, amsar ita ce kujerun bazasu yi masa ba, tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 14 kenan a wannan ma'aunin, kuma dogon mai faffaɗan gindi ne, sai dai ya koma HO ya yi amfani da layin milimita 12 yadda masu kwaikwayon jiragen Afirka ta Kudu suke yi, ko ya liƙa dogon da dalma akan silifa masu fuskar tagulla.

In zaka gwada, kada ka yi odar kayan tasha guda. Ka sayi geji, saitin mararraba ɗaya mai haɗaɗɗen hanci, ledar kujeru ɗaya ta ƙari dan wasu zasu tsalle su ɓace a kafet, da tayoyin tarago biyu, ka haɗa akan guntun allo tukunna. Kuma ka buga masa waya ka tabbatar kayan suna ƙasa kafin ka biya.