Sabon keke a kasuwannin Yamai: baƙin keke ko mai giya, da yadda ake gwada shi

Sabbin kekunan da ake samu a rumfunan Yamai kusan iri biyu ne: baƙin keke mai taya inci 28 irin Phoenix na Shanghai ko Hero na Indiya, da kuma mai giya 18 ko 21 mai taya inci 26, wanda ake ce wa VTT, wato keken hawa tudu da jeji. Dukansu a kwali suke zuwa, a nan ake haɗa su, kuma a wurin haɗin ne yawancin matsala take. Keke biyu daga kwali iri ɗaya, wani ya yi shekaru, wani ya soma kuka cikin wata guda, saboda hannun da ya ɗaure shi.

Ga mai ɗaukar kaya, jarkar ruwa ko buhun hatsi, baƙin keke ya fi. Kariyarsa, wato wurin ɗora kaya na baya, ƙarfe ce, birkinsa na sanda ne ba waya ba, kuma duk mai gyara yana da kayansa. Aibinsa nauyi, ga shi giya ɗaya gare shi. Wanda ke tasowa daga Harobanda ya haye gadar Kennedy ya hau tudu kullum zai ji a gwiwarsa. Mai giya ya fi daɗin tudu saboda giyoyinsa, da yashi saboda faɗin taya. Amma mai araha da aka sa wa sifirin gaba da baya, ban ba kowa shawarar sayensa ba: sifirin yana cinye ƙarfin ƙafa, ƙura kuma tana kashe shi da wuri.

Kafin ka hau, ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka. Ya kamata a sami sarari kamar yatsa biyu ko uku tsakaninka da sandar sama. Sirdi kuma a ɗaga shi har in ka sa dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe. Akwai layi a jikin ƙarfen sirdin mai nuna iyakar ɗaga shi. In sai an wuce shi kafin tsayin ya yi maka, keken ya yi maka ƙanƙanta.

Daga nan ka ɗaga gaba ka juya taya, idonka a tsakanin wili da robar birki. In wilin yana matsowa yana komawa, ba a daidaita sifok ba, wato wayoyin da ke riƙe da wilin. Ka matsa su bibbiyu da hannu, duk su kasance da tauri ɗaya, domin sako-sako guda yana ɗora wa na kusa da shi nauyi har su soma tsinkewa. Ka kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya: in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris bai ɗauru ba. Haka za ka girgiza hannun feda gefe da gefe. Sau da yawa giris ɗin da ke cikin boris kaɗan ne ƙwarai, ka sa a ƙara maka tun a rumfa.

Gwajin hawa kuwa, zagaye ɗaya a gaban rumfa bai isa ba. Ka bar katin shaida ko wani naka, ka nemi minti goma, ka taka kwalta ka taka jar ƙasa. Ka sassauta riƙo ka ga ko keken yana ja gefe ɗaya, alamar fok, ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, a karkace yake. Ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi. Kada sarƙa ta tsallake, kada feda ta yi ƙara. Mai giya, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya kana cikin takawa, musamman babban haƙorin baya, don a nan ne sarƙa ke faɗawa cikin sifok in ba a saita ba. Kowane birki ka gwada shi shi kaɗai, kuma kada hannunsa ya taɓa kan keken kafin ya kama.

Tayar da ke zuwa da masu araha ba ta da kauri, ƙayar tsidau tana huda ta nan da nan. Gara a sa canjin taya cikin ciniki. Ka sa a rubuta lambar da ke jikin ƙarfen keken a takardar saye, kuma ku yi magana da mai rumfa cewa bayan mako biyu ko uku za ka dawo a sake ɗaure sifok da notoci kyauta, domin sabon keke sai ya saki.