Lauyoyin kyauta na ranar kasuwa: abin da suka iya da inda suka gaza

Wata ƙungiyar lauyoyi daga Kano ta soma zuwa garinmu, a ƙasar Ringim, tana zama a ajin makarantar firamare ranar kasuwa domin sauraron iyalan waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Ba sa karɓar ko sisi, kuma ba su ɓoye manufarsu ba, wato a soke hukuncin kisa a maye gurbinsa da ɗaurin rai da rai wanda ba a fita daga cikinsa. Na raka wata gwaggota da ɗanta yake tsare, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi da idona.

Aikinsu na takardu ba shi da makusa. Lauyar da ta saurare mu ta gaishe da tsohuwar da "Baba, sannu da haƙuri", sannan ta kwance ƙullin ledar da takardun suke ciki da hannunta, ta jera su bisa benci, ta ware kwafin hukunci daga rasiɗan banza da wasu 'yan tsakani suka riƙa karɓar kuɗi da su. A nan ne muka fahimci cewa ba a taɓa shigar da ɗaukaka ƙara ba, alhali an sayar da awaki saboda ita. Ta bayyana cewa wa'adin kwana 90 ya wuce, amma ana iya roƙon Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kano ta ƙara lokaci, kuma ba ta yi alkawarin nasara ba, abin da ya sa na ƙara yarda da ita.

Bayanin doka ma sun yi shi da Hausar da manomi zai gane. Sun ce sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya halatta hukuncin kisa, amma ba a zartar da shi sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa sun daɗe suna noƙewa, har ya zama zartarwar ƙarshe da aka sani ita ce ta jihar Edo a 2016. Shi ya sa mutum fiye da 3,000 suke zaune a gidajen gyaran hali, ba a kashe su ba, ba a kuma sassauta musu ba. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha ikon mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai idan mutum ya gama duk matakan ɗaukaka ƙara kuma shekara 10 ta wuce, sai dai iyalai kaɗan ne suka san da wannan ƙofa.

Inda suka gaza shi ne wajen magadan wanda aka kashe. Wani dattijo ya miƙe ya tambaya ina matsayin ƙisasi da diyya da afuwa, waɗanda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta ambata, sai lauyan da ya amsa ya kauce ya koma ba da misali da Saliyo da ta soke hukuncin a 2021 da Gana da ta bi sahu a 2023. Wannan ba amsa ba ce a garin da gidan mai laifi da gidan mamaci suke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya. A ganina ɗaurin da ba fita yana tsare rai, kuma yana barin damar gyara idan alƙali ya yi kuskure, amma idan aka rubuta shi ba tare da gurbin yafiyar magada ba, an toshe hanyar sulhun da jama'armu suka fi amincewa da ita. Da sun zo da malami ɗaya masanin fiƙihu, ko sun nemi zama da hakimi da limamai, da maganarsu ta fi shiga.

Akwai kuma ƙananan matsaloli. Layi yana da tsawo, mata ba su da wurin jira na daban, kuma lambar wayar da suke bayarwa ba kasafai ake ɗauka ba, sai dai a jira zuwansu na gaba. Wanda zai je ya tafi da sassafe, ya riƙe lambar shari'a da sunan kotun da ta yanke hukunci, domin ba tare da su ba lauyoyin ba za su iya neman fayil a Dutse ba.